Shagon Kawu da Tarihin Jira a Garwa

A watan Janairun 2022, lokacin da 'yan ƙwallon Najeriya suka buga wasanninsu na gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, samari da yawa a Kano da Kaduna jin sunan Garwa na farko ke nan da suka yi. Daren da Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya mai ban haushi, kowa a majalisarmu yana ta cacar baki a kan wasan, ni kuwa hankalina yana can bayan filin, ina neman wani lungu da na san kyamara ba za ta haska ba. A lungun nan akwai wani shago mai ƙofar kwano, inda na yi shekara tara, daga 1993 zuwa 2002, ina shara, ina ƙirga boris da fulogi, ina rubuta wa kawuna bashi a littafi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma kayan gyaran mota yake sayarwa. Ina da shekara goma sha uku aka ɗauko ni daga Jimeta aka damƙa masa. Ranar da na iso ya ce da ni, "Ɗana, duk wanda ka ga ya shigo shagon nan da baƙin mai a hannu, kwanakinsa ya zo fansa. Motarsa na kwance, bashi na binsa, iyali na jira. In ka ba shi abin da yake nema yau, ka mayar masa da mako guda." A lokacin ban gane ba. Sai da na girma na karanta tarihin garin, na ga ashe Garwa kanta ta daɗe tana wannan ciniki na fansar kwanaki.

Garwa tana bakin kogin Binuwai, a arewacin Kamaru, gabas da Yola. Fulani ne suka kafa ta a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta a ƙasar Fombina, kuma lamidonta yana bin Yola, Yola tana bin Sakkwato. Fatake Hausawa da Barebari sun biyo sawu da tufafi da kanwa da dutsen ado, suna komawa da hauren giwa, kuma kada mu ɓoye, har da bayi. A wancan zamani saƙo da kaya tafiyarsu ɗaya, domin ƙafar da ta ɗauki wasiƙa ita ce ta ɗauki kaya. A watan Satumban 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fita, kafin shekarar ta ƙare Jamusawa suka kama Garwa. Ƙasar da take ɗaya sai ta zama biyu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kai wa sansanin Jamusawa na Garwa hari a watan Agustan 1914 bai yi nasara ba, sai a watan Yunin 1915 suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa. Da aka yi rabo, Garwa ta faɗa hannun Faransa. Abin da ya sa ke nan har yau abin da bakaniken Jimeta yake kira fulogi, na Garwa yake kiransa buji, ciniki kuma da Fulatanci ake ƙulla shi, a ƙirga kuɗi da dala da jaka.

Abin da ya ɗaukaka garin a zamanin Turawa shi ne kogi. Garwa tana da tashar jiragen ruwa, amma tasha ce mai aiki 'yan makonni kawai a shekara. Sai damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa ya cika, sannan jirage su taso daga Burutu da Warri, su biyo Kwara zuwa Lokoja, su shiga Binuwai, su wuce Makurdi da Yola, su iso. Su sauke man fetur da siminti da gishiri da ƙarafa, su ɗauki gyaɗa da auduga, su yi sauri su juya kafin ruwa ya janye. Tsofaffin kanikawan da na tarar suna cewa wanda bai saka abin da yake buƙata cikin odar bana ba, sai ya haƙura sai baɗi. Daga nan kanikancin arewa ya samo halinsa. Ba a jefar da ƙarfe. A yanko sifirin daga gawar wata mota, a yi gasket da kwali, a naɗe waya da tsumma, maƙeri ya ƙera abin da kanti ba shi da shi. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Auduga ce ta cika ƙasar da motoci. A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa mai suna CFDT ya shigo da noman auduga na sayarwa gadan-gadan, a 1974 kuma aka kafa SODECOTON, hedikwatarsa a Garwa, ya gaji aikin. Auduga a ƙauye take, ƙauyen kuma yana bayan mayo, wato rafin da yake yashi zalla da rani, da damina kuma ya tafi da saniya. Ga baƙar ƙasar nan mai danƙo da Fulani ke kira karal, wadda in ta sha ruwa takan riƙe taya kamar ta rantse. Dole sai mota mai jan ƙafa huɗu. Da farko Land Rover ce sarauniya, sai Fijo 404 da 504 a-kori-kura suka mamaye hanyoyin kasuwanni, musamman bayan an fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kayan gyaransu suka wadata a tsallaken iyaka. Daga baya Toyota ta zo da Land Cruiser da Hilux ta ture kowa. A 1987, da sojojin Chadi suka kori dakarun Libiya daga arewacin ƙasarsu a kan waɗannan ƙananan motoci, har duniya ta sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota, babu direban da ya sake neman wata shaida.

Akwai kuma masu shiga daji na dabam. Kudu da Garwa akwai gandun dajin Binuwai da na Buba Njida da na Faro, kewaye da su kuma akwai yankunan da ake ba Turawa mafarauta haya. A 1970 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gandun daji a Garwa, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci. Da sanyi ya shigo, lokacin farauta ya buɗe, sai ka ga masu sansanonin nan sun zo neman taya mai manyan haƙora, da shokozoba, da dogon jak, da igiyar ƙarfe ta janyo mota daga taɓo, da jarkokin mai. Su dai manyan kantuna suke fara zuwa. In abin ya gagara can, sai direbobinsu su zagayo da su lungunmu.

Kogin da ya raya tashar Garwa bai daɗe yana yi ba. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar ruwa. A 1974 layin dogo daga Yawunde ya iso Ngaundare, kaya suka koma tasowa daga Duwala a jirgin ƙasa, a sauke su can, a loda wa manyan motoci su gangaro ta kan tsaunin nan mai kwana-kwana da ke cinye birki, su nufo Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina, wadda kuma mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi suka san sunanta saboda ambaliyar 2012 da ta 2022. Daga nan tashar ta zama wurin kwale-kwale da masu wanki. Jiran shekara ya koma jiran makonni, rayuwar arewa kuma ta koma kan taya. Kowane buhun siminti daga Figil, kowace saniya daga kasuwar Adumri, kowane ɗaurin auduga, a kan boris yake tafiya.

To, ina saƙo? Mu Hausawa kalmar waya mun fara saninta ne da talgiram, shi ya sa muke ce wa ofishin wasiƙu gidan waya. Abin sha'awa, ɗan Garwa mafi shahara da wannan aiki ya fara cin abinci. An haifi Ahmadu Ahijo a garin a 1924, ya kama aikin gwamnati a 1942 a matsayin mai aika saƙo ta rediyo a ma'aikatar gidan waya, ya zagaya garuruwa da wannan aiki kafin ya shiga siyasa, ya zama shugaban Kamaru na farko a 1960, ya sauka a 1982. A zamaninsa Garwa ta samu tituna da manyan gine-gine da babban filin jirgin sama. Amma wayar tarho ta tsaya a ofisoshi da gidajen manya. Kamfanoni da hukumomi suna da rediyon oba-oba a tsakaninsu. Talaka kuwa wayarsa direba ne. Ka ba shi takarda da ɗan goro, ka roƙi Allah kada ya manta ta a aljihun rigar da za a wanke.

Ban cika shekara a shagon ba aka yi abin da har yau tsofaffin 'yan kasuwa ke lissafin shekaru da shi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai da Japan ya ninka. Kawu yana bin direbobi bashi a tsohon farashi, shi kuma zai sake saro kaya a sabo. Na gan shi ya zauna da littafin bashi a cinya tun daga azahar har la'asar bai buɗe shi ba. Daga wannan shekara sababbin kaya na asali suka fi ƙarfin yawancin mutane. Kasuwa ta koma ga gwanjo, wato injuna da giyoyi da aka ciro daga tsofaffin motocin Turai, da kuma kayan da 'yan kasuwar Ibo ke kawowa, waɗanda cibiyarsu take Nnewi, reshensu kuma ya kai unguwar Kam Yabasi a Duwala. Mu 'yan arewa muna da tamu hanya: Ƙofar Ruwa a Kano, sai Maiduguri, sai Mubi da Jimeta. Tare da kayan gyara fetur ɗin Najeriya yake shigowa a jarka, wanda ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ana kiransa zuwa-zuwa. A cikin wannan arha kuma jabu ya shigo, a kwali mai kyau, da tambari mai kyau.

A daminar 1997 wani direba, abokin cinikin Kawu na shekaru, ya sayi boris na ƙafar gaba na Land Cruiser ɗinsa. Ni na miƙa masa. Daga cikin wani katan ne da wani baƙon ɗan kasuwa ya kawo mana da rangwame mai daɗi. Bayan mako biyu sai ga yaron motarsa ya shigo, ƙafafu a kumbure, taɓo har gwiwa. Boris ya watse a daji can wajen Colire, ya cinye har da abin da yake zaune a ciki. Kwana biyu yaron ya yi a hanya, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan keke, kafin ya kai bakin kwalta. Muka zagaye Garwa ba mu samu irinsa ba. Kawu ya ce, "Ɗana, sa takalminka, Mubi za ka." Na bi ta Gidar, ruwa ya tsare mu kwana guda a bakin wani mayo, na samo kayan, na dawo. Kafin bakanike ya isa wurin motar ya ɗaura, kwana tara sun cika.

Da direban ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Alhaji, masarar da na ɗauko ta tsira a cikin buhu, wannan ba komai, dukiya ce. Amma akwai wani dattijo da 'ya'yansa suka ɗauko za su kawo asibiti. A kwana na huɗu ya cika. A gindin wata tsamiya muka yi masa sutura." Kawu ya yi salati, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya sa na ɗauko katan ɗin nan, ya kai wa maƙeri, ya tsaya a kansa har aka farfasa su duka da guduma. Ya buɗe littafi ya ja layi a kan bashin direban. Na sani kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma na sani kuma ni na miƙa boris ɗin, kuma da akwai hanyar da saƙo zai iso mu a ranar, da an tura wata mota ta ɗauko mara lafiya tun kafin a yi zancen gyara.

Shekara uku kacal bayan haka hanyar ta samu. A 1998 gwamnatin Kamaru ta kafa kamfanin Camtel. A shekarar 2000 MTN ya sayi ɓangarensa na wayar salula, a daidai lokacin da wani kamfani mai suna Mobilis ya fara aiki, wanda ya koma Orange a 2002. Najeriya ma sai a 2001 ta bi sahu. Da farko layi da tsada yake, sai aka samu masu lema da ɗan teburi a bakin titi, ana ce musu kolbos, ka biya kuɗin minti ka yi magana. Na tuna ranar da Kawu ya fara kiran Ƙofar Ruwa daga ƙarƙashin irin wannan lema. Ya yi ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken kogi. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Tafiyar mako ce na yi a tsaye." Daga baya aka fara tura kuɗi ta waya, a 2014 kuma Nexttel ya shigo da intanet mai sauri, sauran suka biyo baya. Yau direba yana daji zai ɗauki hoton abin da ya karye, ya tura ta WhatsApp zuwa Garwa da Duwala da Kano a lokaci ɗaya, ya zaɓi mai sauƙi, ya biya ta waya, a saka masa a motar ajans.

Wannan ni'ima ta zo wa irin su Kawu da nata haraji. Jarinsa na gaskiya abin da ke kansa ne: ya san wanda yake da kaza a Mubi, ya san farashinsa a Kano, ya san direban da zai taso ranar Laraba. Da waya ta shiga kowane aljihu, sai wannan sani ya zama na kowa. Ga kuma baburan Sin masu arha da suka cika gari a shekarun 2000, 'yan acaba suka yawaita, samari suka buɗe shagunan kayan babur a kowace kwana, babur ya riƙa kai mutum ƙauyen da a da sai Land Cruiser. Riba ta ragu. Abin da ya hana shagon Kawu mutuwa shi ne labarin gudumar nan da ya zagaya tashoshi. Hoto yana nuna kwali, amma ba ya faɗin abin da ke ciki, don haka mai son na asali ya ci gaba da zuwa wurin wanda ya taɓa farfasa dukiyarsa da hannunsa.

Sai kuma fitinar Boko Haram ta nuna mana yadda zaren yake da rauni. A watan Mayun 2013, bayan dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa, mutanen wasu garuruwan bakin iyaka suka koma hawa tudu suna laluben sabis ɗin Kamaru don su ji lafiyar 'yan uwa. A 2014 aka rufe iyakoki, hanyar Banki da ta Gamborun Ngala suka mutu, a ƙarshen Oktoba Mubi kanta ta faɗa hannun 'yan bindiga na ɗan lokaci. A Garwa da Marwa fetur da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Waya tana aiki, kana jin muryar mai kaya tangaram, amma babu motar da za ta kawo. Haka aka sake ɗanɗanawa a 2023, da Najeriya ta janye tallafin mai, farashin zuwa-zuwa ya tashi a titunan arewacin Kamaru cikin kwanaki kaɗan.

Akwai wani abu da mai latsa waya a birni bai cika tunawa ba. Dogayen ƙarafan sabis da ke tsaye a daji, da yawansu da janareta suke aiki ko da hasken rana da batura. Wani ne yake kai musu gas, wani yake zuwa gyara in sun tsaya, kuma a cikin Hilux yake zuwa, ta hanyar da damina ta cinye. In boris ɗin wannan Hilux ya watse, ƙauyuka da yawa za su wayi gari babu sabis. Wayar da ta rage wa mai kayan gyara riba, ita ma a kan kayansa take tsaye.

Kawu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗansa ne a shagon yanzu, da waya biyu a gabansa, ɗaya layin Kamaru, ɗaya na Najeriya. Da na je ta'aziyya na roƙe shi littafin bashin nan ya ba ni. Yana nan a akwatina, shafinsa na Agustan 1997 da layin da aka ja da jan biro. A tafiyar ne na ji wani direba yana ba da labari a tasha, wai motarsa ta lalace a hanyar Poli, ya hau kan bodi ya ɗaga waya sama har ya samu sanda ɗaya ta sabis, ya kira, kafin magariba ɗan acaba ya kawo masa kayan. Mutane suka yi ta dariyar yadda yake kwatanta tsayuwarsa a kan mota. Ni ma na yi dariya, sannan na tashi na je na yi alwala, na yi wa dattijon gindin tsamiya addu'a, wanda har yau ban san sunansa ba.